Dusar ƙanƙara: yadda ake hasashenta, da abin da ya sa take binne wani gari ta tsallake maƙwabcinsa

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Buffalo ta ƙasar Amurka, ɗiyar ƙanena kuma tana aure a Landan. Kwanaki anka ce musu a Buffalo dusar ƙanƙara za ta kai ƙafa biyu, sunka sayi abinci sunka kulle gida. Ya ce abin da ya sauka unguwarsu ko idon sawu bai rufe ba, amma abokinsa da ke tafiyar minti ashirin a mota daga nan sai da anka tono motarsa da shebur. Ita kuwa ta Landan ta ce shekara kan wuce ba ta ga abin kirki ba, alhali na duba taswira Landan ta fi Buffalo nisa can arewa. Shin masu hasashen nan sun san abin da suke yi, ko shaci-faɗi ne? Mu kuma nan Sakkwato da sanyin hunturu ke hana mu wankan safe, mi ya hana ta sauka?" — wani Alhaji daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi tsare mana su a inda suke. Tambayarka uku ce a riga ɗaya: yadda ake hasashen da inda yake kuɓucewa, dalilin bambancin gari da gari, sai kuma ta nan gida. Ba shaci-faɗi ba ne. Masu wannan aiki sun ƙware wajen gane cewa babbar guguwar dusa na tafe, sau da yawa kwana huɗu ko biyar kafin ta iso. Inda suke shan kashi shi ne faɗin adadin da zai sauka a unguwa kaza, saboda adadin yana rataye ne da bambancin digiri ɗaya ko biyu, ko karkacewar iska ta 'yan kilomitoci. Zan fara da ta Sakkwato, don wanda ya gane ta ya riƙe mabuɗin sauran.

Sanyi kaɗai ba ya haifar da ita

Ƙanƙara daban, dusar ƙanƙara daban, ko da yake sunan ya haɗa su. Ƙanƙarar da kan sauko mana wani lokaci da damina, mai buga kwanon ɗaki kamar jifa ta yayyaga ganyen masara, a cikin doguwar hadari mai tsawa ake ƙera ta. Iska mai ƙarfi ce take ɗaga ɗigon ruwa sama, yana daskarewa yana ƙara kauri har ya fi ƙarfin iskar ya faɗo. Ba ta neman sanyi a ƙasa, hasali ma a ranar zafi take zuwa. Ita kuwa dusa, tururin ruwa ne yake daskarewa kai tsaye a jikin wata ƙwayar ƙura a cikin gajimare ba tare da ya fara zama ɗigo ba, ya yi ɗan fure mai kusurwa shida. Da yawa daga cikinsu suna mannewa da juna su sauko a hankali kamar audugar rimi.

Kafin ta isa ƙasa a haka sai abu uku sun haɗu lokaci guda. Sai iska ta ɗauko danshi, sai an sami abin da zai ɗaga iskar sama ta huce ta zama gajimare, sannan sai sanyi ya ɗore tun daga gajimaren har ƙasa don kada furen ya narke a hanya. Sakkwato tana da su ne karɓa-karɓa. Da hunturu muna da ɗan sanyi, amma iskar daga Sahara take, busasshiya ce, ka gani a leɓe da faso a dunduniya. Kuma sanyin da ke hana wankan safen nan galibi digiri goma sha wani abu ne, bai ko kusanci sifili ba. Da damina kuwa danshi ya zo daga Tekun Atilantika, hadari ya tashi, amma ƙasa na kusan digiri 30, kuma sai ka hau sama fiye da kilomita 4 kafin ka tarar da inda ruwa ke daskarewa. Ruwa mai yawa da ke sauka mana a watan Agusta a daskare ya faro can saman hadarin, narkewa ya yi kafin ya iso kanmu.

Abin da zai iya cike wannan giɓi shi ne tsawon ƙasa, don zafi kan ragu da kusan digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da ka hau. Sakkwato ba ta wuce mita 300 sama da teku ba. Shi ya sa dusar Afirka ta masu tsauni ce: duwatsun Atlas na Maroko, ƙasar Lesoto, da ƙolin Kilimanjaro. Garin Ain Sefra na Aljeriya da ke bakin Sahara, mai tsawon kusan mita 1,000, ya ga dusa a kan rairayi a Disambar 2016 da Janairun 2018. Haka tsaunukan yankin Tabuka a arewacin Saudiyya.

Ɗaya ɓangaren kuma, sanyi in ya yi yawa shi ma ragewa yake. Iska tana iya riƙe danshin da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya, don haka iska mai tsananin sanyi kusan fanko take. Yakutsk ta Siberiya kan yi digiri 40 ƙasa da sifili a Janairu, amma abin da ke sauka musu kaɗan ne, sai dai ba ya narkewa. Dusar da ke binne gari galibi tana sauka ne alhali ma'auni na kusa da sifili ko ƙasa da shi da 'yan digiri.

Abin da mai hasashe ke dubawa

Aikin daga awo yake farawa. Sau biyu a rana, wajen ƙarfe 1 na dare da ƙarfe 1 na rana agogon Najeriya, ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da 'yar na'ura da ke auna zafi, danshi, nauyin iska da gudunta, har zuwa kusan kilomita 30 a sama. A kan wannan ake ƙara awon jiragen sama da na ruwa, da taurarin ɗan'adam, da rada, wato na'urar da ke hango inda ruwa ko dusa ke zuba daga nesa. Duk a zuba cikin manyan kwamfutoci masu manhajar da ke yanka sararin sama gida-gida kamar dara, tana lissafa yadda kowane gida zai sauya daga minti zuwa minti. Biyu sun fi suna: GFS ta Amurka, wadda faɗin gidanta ya kai kusan kilomita 13, tana fitar da lissafi sau huɗu a rana har zuwa kwana 16 gaba, da ta cibiyar Turai, ECMWF, mai gidan kusan kilomita 9. In guguwa ta matso, a Amurka akan koma kan HRRR mai gidan kilomita 3, wadda ake sabuntawa kowace awa. Girman gidan nan abin lura ne, domin duk abin da ya fi gida ƙanƙanta, manhaja ba ta ganinsa da kyau.

A aikinmu, abu na farko da ake bi shi ne hanyar cibiyar guguwar, wato wurin da nauyin iska ya fi sauka. A arewacin duniya iska tana zagaya wannan cibiya ne saɓanin hannun agogo. Ta gefen kudu da gabas tana jawo ɗumi, sai a sami ruwa. Ta gefen arewa da arewa maso yamma tana jawo sanyi, sai a sami dusa. Mafi kaurinta kan faɗa a wani zirin da ke hagu da hanyar cibiyar, sau da yawa kilomita 150 zuwa 300 daga gare ta. To in cibiyar ta kauce da kilomita 80, kamar daga Sakkwato zuwa Illela, zirin nan shi ma ya kauce haka. A taswirar nahiya wannan kuskure bai kai faɗin bakin alƙalami ba, amma a ƙasa shi ne bambancin garin da aka binne da wanda ya sha ruwa kawai.

Na biyu shi ne zafin iska hawa-hawa, ba na ƙasa kaɗai ba. Akwai tsofaffin ƙa'idojin gaggawa, kamar duba ko iskar da ke mita 1,500 a sama tana ƙasa da sifili, ko bin layin nan da ake sa wa lamba 540 a taswira, wanda galibi yake raba dusa da ruwa a ƙasa mai kwari. Na farawa ne kawai. Mai hasashe na ƙwarai sai ya duba zanen da balan-balan ya kawo daga ƙasa har sama, domin wani lokaci ɗumi kan kutsa tsakiya, kilomita ɗaya ko biyu a sama, alhali sama da ƙasa duk sanyi ne. In ɗumin siriri ne, furen ya ɗan narke ya sake daskarewa kafin ya iso, sai ya sauko kamar tsakuwa ƙanana masu tsalle a kan titi. In ɗumin mai kauri ne kuma sanyin ƙasa siriri, furen ya narke sarai ya sauko a ruwa, yana taɓa waya ko reshe ko kwalta sai ya daskare nan take ya zama gilashi. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne mugunta. A Janairun 1998 irinsa ya yi kwanaki yana sauka a Quebec da gabashin Ontario na Kanada, nauyinsa ya rusa manyan turakun lantarki na ƙarfe, miliyoyin mutane suka zauna babu wuta a tsakiyar sanyi. Tsakanin waɗannan iri ukun, bambancin bai fi digiri ɗaya zuwa uku ba a wani hawa na sama da ba kowa ke aunawa ba.

Akwai wani abu da kan rikita wanda bai saba ba: dusa na iya sauka alhali ma'auni na nuna digiri 2 sama da sifili. Sirrin randa ne. Yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yake bushewa ya sanyaya na ciki, haka ruwa ko dusar da ta fara faɗowa cikin busasshiyar iska take bushewa ta sanyaya iskar. Sai abin ya fara da ruwa, bayan rabin awa ya juye dusa. In iskar ta bushe ƙwarai kuma, tana iya cinye dusar awanni biyu ko uku na farko gaba ɗaya. Rada na nuna tana zuba, ƙasa ba a ga komai ba, kuma waɗannan awanni sun fita daga jimillar da aka yi alkawari.

Na uku da na huɗu, wato yawan ruwan da ke cikin dusar da ninkinsa, a haɗe suke, kuma nan ne adadi ke ɓacewa. Manhaja ba tsawon dusa take lissafawa da farko ba, ruwan da ke cikinta take lissafawa, a milimita, kamar yadda muke auna ruwan damina. Sai a juya shi zuwa dusa. Ƙa'idar da aka gada ita ce ninki 10: milimita 25 na ruwa ya ba da santimita 25 na dusa. Amma ninkin ba tsayayye ba ne. In ana kusa da narkewa, dusar jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, ninkin kan sauka zuwa 5, sai milimita 25 ɗin ta ba da santimita 12 ko 13. In kuwa furen ya tsiro ne a hawan da zafinsa ke tsakanin digiri 12 da 18 ƙasa da sifili, inda yake yin rassa masu faɗi da ke tara iska a tsakaninsu, ninkin kan kai 20 ko fiye, sai a sami rabin mita. Mudun masara ɗaya ne, amma in ka yi gugguru da shi ya cika kwarya. Ka ga ko an dace da adadin ruwan daidai, ana iya kuskuren tsawon dusar ninki biyu. Kuskuren milimita 10 a ruwan sama ba wanda zai lura da shi, amma a dusa santimita 10 ne ko 20, kowa na gani a ƙofar gidansa.

Saboda haka ba a dogara da lissafi ɗaya. Cibiyar Turai tana gudanar da nata sau 51 a jere, kowanne da ɗan sauyi a awon farko. In 45 daga ciki sun bi hanya ɗaya, mai hasashe ya yi magana da ƙarfin gwiwa. In sun watse kamar tsintsiyar da aka kwance, ya san ranar ba ta faɗin lamba ɗaya ba ce. Birnin New York ya ɗanɗana duka biyun. A ƙarshen Janairun 2015 an yi hasashen santimita 50 zuwa 75, aka dakatar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, aka hana motoci fita. Cibiyar guguwar ta bi ta gabas kaɗan da inda aka zata, birnin ya sami kusan santimita 25, gabashin Long Island da Boston suka sami 60 ko fiye. A wannan karon GFS ce ta fi kusa da gaskiya, ta Turai da aka fi yarda da ita ta kauce. Shekara ɗaya bayan haka, a Janairun 2016, an daɗe ana ganin birnin a bakin gefen guguwa, sai ga kusan santimita 70, mafi yawa da aka taɓa aunawa a can daga guguwa ɗaya. A ganina rufe birnin a 2015 ba laifi ba ne. Laifin shi ne an faɗi babbar lamba ba a faɗi da ƙarfi cewa kilomita 80 na iya rage ta da kashi biyu cikin uku ba.

Buffalo da tafkinta

Abin da ya sami ɗanka kusan tabbas ba irin waccan babbar guguwa ba ce, dusar tafki ce, wadda Buffalo ta yi suna a kanta. Garin yana zaune ne a ƙarshen gabas na Tafkin Erie, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 390, a miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. A Nuwamba da Disamba ruwan tafkin yana riƙe da sauran ɗumin bazara. Sai iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada ta ratsa kansa. Ruwan ya ɗumama ta daga ƙasa ya cika ta da tururi, ta tashi sama ta zama gajimare, tana isa gaɓa ta juye. Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce bambancin zafin saman ruwa da na iskar da ke mita 1,500 ya kai aƙalla digiri 13. A ce ruwa na digiri 8, iskar sama na 10 ƙasa da sifili, bambanci 18 ke nan, an wuce ƙa'ida da nisa. Ana kuma son iskar ta yi tafiya mai tsawo a kan ruwa, kamar kilomita 100 ko fiye, kuma ta ƙasa da ta sama su fuskanci kusan wuri ɗaya, in ba haka ba gajimaren ya wargaje.

In iskar ta bi tsawon tafkin, sai gajimaren ya haɗu ya zama ziri guda, mai tsawo amma siriri, faɗinsa sau da yawa kilomita 10 zuwa 30. A cikinsa dusa na iya zuba santimita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, har da tsawa wani lokaci. A wajensa rana na haske. Wanda ya tsaya a gefe yana ganinsa kamar bango, irin yadda muke hango bangon ƙura gaban hadarin farkon damina. Inda bakin zirin zai sauka kuwa alƙiblar iska ce ke yankewa. In ta fito sosai daga kudu maso yamma, tsakiyar birnin take nufa. Ta ɗan karkata zuwa yamma, zirin ya koma garuruwan da ke kudu da birnin. Daga ranar 17 ga Nuwamban 2014 irin wannan ziri ya tsaya cak a kan kudanci da gabashin Buffalo, wasu wurare suka sami fiye da mita ɗaya da rabi cikin kwana biyu, da zagaye na biyu ya zo jimillar ta haura mita 2, rufin gidaje suka rufta, mutane fiye da goma suka rasu. Arewacin birnin, 'yan kilomitoci daga nan, ɗan abin sharewa kawai suka samu a zagayen farko. Don haka labarin ɗanka da abokinsa ba sabon abu ba ne. Hasashen ƙafa biyu ya tabbata, a kan abokin. Mu ma mun san ruwan da kan jiƙa Arkilla ya bar Ƙofar Marke a bushe, sai dai namu yana wucewa cikin awa, nasu yana iya kwana biyu a wuri ɗaya.

Erie ba shi da zurfi, matsakaicinsa kusan mita 19 ne, don haka a shekarun sanyi sosai yakan daskare wajen Janairu ko Fabrairu, kuma da ƙanƙara ta rufe shi injin ya mutu. Tafkin Ontario da ke arewa da shi zurfinsa ya kai kusan mita 86, da wuya ya rufe duka, shi ya sa Syracuse da tudun Tug Hill da ke gabas da shi suke sha har ƙarshen sanyi. Buffalo kan sami kusan santimita 240 a shekara, Syracuse kusan mita 3, birnin New York a jiha ɗaya da su kusan santimita 75. Toronto tana bakin Ontario ita ma, amma ta gefen da iska ke fitowa, sai ta tashi da kusan rabin na Buffalo.

Landan, da sauran

Gaskiyarka, Landan ta fi Buffalo arewa da fiye da kilomita 900. Amma abin tambaya a kan kowane gari shi ne daga ina iskarsa ke zuwa, me kuma ta ratsa. A wannan sashe na duniya iska daga yamma take tasowa. Kafin ta isa Buffalo ta ratso dubban kilomitoci na daskararriyar ƙasa. Kafin ta isa Landan kuwa Atilantika ta ratso, wanda igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga wajen Tekun Meziko ke hana shi yin sanyi sosai. Sai Landan ta sami danshi da yawa, sanyin ne bai isa ba, abin ya ƙare a yayyafi. Tana samun dusa ta kirki ne in iska ta juya ta fito daga gabas ko arewa, kamar ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin da sanyin Siberiya ya kwararo Turai ya ɗebi danshi a Tekun Arewa. Wannan ne ma ya sa hasashen dusa a Ingila ya fi na Kanada wuya: kullum a bakin layin narkewa suke, rabin digiri ke yanke hukunci. Montreal ta Kanada da ke kudu da Landan a taswira kan sami wajen mita 2 a shekara.

Japan ita ce Buffalo a babban sikeli. Iskar Siberiya ta ratsa Tekun Japan mai ɗumi, ta ci karo da duwatsun da suka raba ƙasar biyu, ta juye komai a gefen yamma. Sapporo, birni mai mutum kusan miliyan 2, kan sami wajen mita 5 a shekara. Tokyo da ke bayan duwatsun sanyinta busasshe ne mai rana. A Dutsen Ibuki an auna tarin da ya kai mita 11.82 a Fabrairun 1927. Dutse kaɗai ma yana yin wannan aiki, don yana tilasta wa iska hawa: Dutsen Baker a jihar Washington ya sami kusan mita 29 a sanyin 1998 zuwa 1999, alhali biranen gaɓar teku da ke ƙasa da shi ruwa suka fi sani.

In za ka kwatanta alƙaluma irin waɗannan, ka lura da abu biyu. Jimillar shekara ba ita ce tsawon abin da ke ƙasa ba; ana auna sabuwar da ta sauka ne a kan farin allo, a share shi, ba fiye da sau ɗaya cikin awa shida ba, sannan a tara. Ta ƙasa tana dannuwa tana narkewa, garin da aka ce yana samun mita 3 ƙila ba ka taɓa tarar da fiye da rabin mita a fili ba. Na biyu, ɓarna ba ta bin yawa, tana bin shiri. Santimita 6 ko 7 sun tsayar da Atlanta ta kudancin Amurka a Janairun 2014, mutane suka kwana a mota a kan hanya, adadin da a Buffalo ko makaranta ba a rufewa dominsa.

Yadda zai karanta hasashe

Abin da ya wuce mako guda gaba, ɗanka ya ɗauke shi a matsayin alama kawai cewa sanyi ko guguwa na iya zuwa. Hotunan taswira masu launi da ke yawo a Facebook suna nuna mita ɗaya nan da kwana goma, lissafi ɗaya ne daga cikin da yawa, galibi mafi ban tsoro aka zaɓo. Kwana uku zuwa biyar, zuwan guguwar abin yarda ne, adadin bai nuna ba. Adadi yana fara zama abin riƙewa ne daga awa 48 zuwa 24, shi ma a matsayin tsakani, kaza zuwa kaza. Dusar tafki kuwa, ko ana saura awa 12 bakin zirin na iya kaucewa kilomita 10 ko 15, kuma babu manhajar da ta kawar da wannan. Hasashen sanyin shekara gaba ɗaya, da ake ginawa a kan El Nino da La Nina, wato ɗumama da sanyayar ruwan Tekun Fasifik, kamar wanda hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa ne kafin damina: yana faɗin inda shekara ta karkata, ba ya faɗin ranar da hadari zai taso.

Lambar da waya ke nunawa galibi daga manhaja ɗaya take, ba hannun mutum a ciki, kuma ta wuri ɗaya ce a gari. Ofishin hukumar yanayi ta Amurka da ke Buffalo yana fitar da taswirar da ke nuna unguwa-unguwa, da mafi ƙaranci da mafi yawan da ake tsammani. Ita ya kamata ya riƙa dubawa, tare da rada a ranar. Daga Sakkwato ba mai iya faɗa masa abin da zai sauka a layinsu fiye da su. Sanarwarsu hawa-hawa ce: akwai ta a zauna da shiri, wadda kan fito kwana ɗaya zuwa uku kafin lokaci, akwai ta gargaɗi in abin ya tabbata ko ya fara. Ingila launi suke amfani da shi, rawaya, ruwan goro, ja.

Gargaɗin da bai kamata ya yi wasa da shi ba shi ne na guguwa mai makantarwa, wanda ba ruwansa da yawan dusa. Sharaɗinsa iska mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, gani ya gaza mita 400, na tsawon awa uku aƙalla. Ka tuna ranar da hazon hunturu ya yi kauri har jirgi ya kasa sauka a filin Sultan Abubakar III, ka ninka shi, ka ƙara sanyin da ke kashe yatsu cikin mintuna. Irin wannan ce ta faɗa wa Buffalo a ƙarshen Disambar 2022, ta kashe fiye da mutum 40 a yankin, da yawa a cikin mota ko a kan hanya da ƙafa, duk da an yi kwanaki ana gargaɗi. In an hana tuƙi, ya zauna gida ko da ya leƙa ya ga layinsu fes, don zirin na iya kasancewa kilomita biyu gaba. In kuwa ta ritsa da shi a mota, ya zauna cikinta, ya kunna inji kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, kuma kafin kowace kunnawa ya fita ya tone bakin salansa. In dusa ta toshe shi, hayaƙin cikin motar yake komawa, guba ɗaya da ta janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, ba wari ba launi. Wajen kwashe dusar ƙofar gida kuma, jiƙaƙƙiyar nan mai ninki 5 tana da nauyin da ke kama zuciyar manya. A ɗebi rabin shebur, a tura ta gefe maimakon ɗagawa, a huta duk bayan minti goma sha biyar.